Hukuncin Kuɗin Zaure Bayan Ɗan Kwangila Ya Koma Ɗan Albashi

  A wannan mako za mu tsaya a kan wata takarda da wani bawan Allah ya aiko mana daga ƙasar Malumfashi. Ya roƙa a sakaya sunansa da na kamfanin da yake wa aiki, mun kuwa sakaya, domin abin da ake bukata shi ne hukuncin mas'alar.

Ga yadda al'amarinsa yake. Shekara takwas yana saya wa wani kamfani masara da waken suya bisa kwangila. A ba shi farashi, shi kuwa ya shiga kasuwannin Dandume da Bakori da Kafur ya sayo, abin da ya rage tsakani shi ne ribarsa. Ɗakin da ke cikin zaurensa shi ya mayar ofis. A nan sikeli yake, a nan littafin awo da buhuna suke, a nan manoma suke iske shi. Kowace shekara idan ya zo lissafi, sai ya fitar da kuɗin man janareta, da na mai gadi, da na katin waya, da na gyaran rufin ɗakin, sa'an nan ya ce saura shi ne abin da ya samu. To, a watan Yuli na bara kamfanin ya ɗauke shi aiki sosai, aka yanka masa albashi wata wata. Aiki bai sauya ba, ɗaki bai sauya ba, amma yanzu kuɗin sayen kaya na kamfani ne, a hannunsa ake ajiye su. Ya ce ɗawainiyar ɗakin tana cin naira 15,000 a wata, ba kuwa a ambace ta a takardar ɗaukarsa ba. Saboda haka wata uku yana zare wannan adadi daga kuɗin kamfani ba tare da ya faɗa wa kowa ba, har zuciyarsa ta soma yi masa nauyi, ya daina. Tambayoyinsa uku ne: ko ya halatta ya cire daga kuɗin kamfani, ko ya halatta ya cire a takardar haraji kamar yadda ya saba, ko kuma ya halatta ya cire daga abin da zai fitar wa zakka.

Tun da fari sai mu ce Allah Ya yi wa mai tambaya albarka, domin nauyin nan da ya ji a zuciya alama ce ta imani. Mas'alar kuwa ba tasa ce shi kaɗai ba. Ƙasar Funtua da Malumfashi ta daɗe da sanin sana'ar saye da awo. Tun zamanin Turawa aka kafa injunan gurzar auduga a garuruwan nan biyu, jirgin ƙasa kuma ya ratsa Funtua a ƙarshen shekarun 1920 a kan hanyarsa daga Zariya zuwa Ƙaurar Namoda. A 1975 aka soma babban shirin raya aikin gona na Funtua da taimakon Bankin Duniya, masara ta bunƙasa ƙwarai. Hukumar auduga ta ƙasa, wadda hedkwatarta take Funtua, ita ce take saye ta hannun wakilai masu lasisi, har zuwa 1986 da gwamnati ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, ciniki ya koma hannun 'yan kasuwa da kamfanoni. Tun daga nan mutum yakan zama mai zaman kansa bana, baɗi ya zama yaron kamfani, wata shekara ya sāke komawa. Zauruka da yawa a Funtua da Danja da Faskari sun zama ofis, sun koma zaure, sun sāke zama ofis. Saboda haka wajibi ne a san abin da yake sauyawa idan ƙulli ya sauya.

Malaman fikihu sun kasa wanda ake ɗauka aiki gida biyu. Akwai wanda ake biya saboda aikin da ya gama, kamar tela da marini da maƙeri, wanda ƙofarsa buɗe take ga kowa. Akwai kuma wanda ake biya saboda lokacinsa, watau ya miƙa wuninsa ga mutum guda, ko aiki ya samu ko bai samu ba ladansa yana nan. Na farko shi yake ɗauke da ɗawainiyar sana'arsa, kuma a mazhabar Imamu Malik idan kayan mutane suka salwanta a hannun mai sana'a irin wannan, shi zai biya, sai fa in ya kawo shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Na biyu kuwa amintacce ne. Idan kaya suka salwanta a hannunsa ba da ganganci ko sakaci ba, babu ramuwa a kansa, asarar ta mai dukiya ce. Asalin da aka gina wannan a kai shi ne, wanda yake ɗaukar asara shi yake cin riba, wanda kuma aka sauke wa asara an sauke masa riba tare da ita.

To, mai tambaya ya duba kansa. Lokacin da yake ɗan kwangila, idan ƙwari suka ci masara a ɗakinsa, ko farashi ya karye kafin ya kai kaya, shi ne yake kwana ba barci. Don haka babu wanda zai hana shi fitar da kuɗin ɗaki kafin ya ƙirga riba, gama dukiyarsa ce, lissafinsa ne, da kansa yake yi wa kansa. Yau kuwa idan farashi ya karye albashinsa ba ya raguwa ko da kwabo. An sauke masa wancan kaya. Abin da yake so yanzu shi ne ya riƙe kwanciyar hankalin ɗan albashi, ya kuma riƙe 'yancin ɗan kwangila na yanka wa kansa abin da ya ga ya dace. Hausawa kuwa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ba mugunta ce ta kai shi ba, sabo ne, sabo kuwa turken wawa ne ko ga mai hankali.

Mu zo ga tambaya ta farko. Kuɗin sayen kaya da suke cikin akwatinsa amana ce. An ba shi su ne domin abu guda, watau sayen hatsi. Kwanansu a ɗakinsa bai mayar da su nasa ba, kamar yadda kwanan baƙo a zaure ba ya mayar da shi ɗan gida. Duk abin da ya zara daga ciki ba da sanin mai su ba, ya taɓa amana, ko da kuwa abin da ya kashe na gaskiya ne, kuma domin aikin kamfanin ya kashe shi.

Na san wani almajiri zai ce, ai an san labarin Hindu 'yar Utba, wadda ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan cewa ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi mata izini ta ɗauki gwargwadon bukata bisa abin da aka sani. Daga nan ne waɗansu malamai suka halatta wa wanda aka danne wa hakki ya ɗauki daidai hakkinsa idan ya samu dama. Wannan hujja ce mai nauyi, ba a yar da ita da hannun hagu. Amma a lura da abu uku. Na ɗaya, ciyar da iyali hakki ne tabbatacce wanda shari'a ta riga ta ɗora, kuɗin ɗakin mai tambaya kuwa ba a taɓa ƙulla shi ba, ba a ma taɓa zancensa ba. Na biyu, Hindu ba ta yanke wa kanta hukunci ba, gaban mai hukunci ta je ta tambaya. Na uku, an hana ta ne bayan hakki ya hau kan miji, shi kuwa mai tambaya ba a hana shi kome ba, domin bai nema ba tukuna. Malaman da suka halatta ɗaukar ma sun yi sharaɗi da kada abin ya jawo fitina ko zubar da mutunci, waɗansu kuma sun hana shi sam idan dukiyar ajiya ce aka ba mutum. Ka ga ashe ƙofar da yake son shiga ba tasa ba ce.

Dalilin wannan tsanani a fili yake ga mai tunani. Mutum ba ya zama alƙalin kansa a kan kuɗi ya yi adalci, sai wanda Allah Ya kiyaye. Wanda ya yanka wa kansa 15,000 yau, gobe man fetur ya tashi ya mayar 20,000, jibi ya tuna cewa janaretan nan ma ya tsufa a kan aikin kamfani. Alhali kuwa wutar da ta haska ofis ita ce ta haska tsakar gida, mai gadin da ya tsare buhuna shi ya tsare awakin uwargida. Wa zai raba wannan da wancan, in ba a zauna mutum biyu an raba ba? An ruwaito cewa Halifa Umaru ɗan Abdul'aziz, idan yana duba al'amuran jama'a da dare yakan kunna fitilar baitulmali, idan kuwa zance ya koma kan gidansa sai ya kashe ta ya kunna tasa. Ɗaki ɗaya ne, mutum ɗaya ne, dare ɗaya ne, amma fitila biyu.

Daɗin daɗawa, akwai waɗansu ƙananan abubuwa da suke sauya hukunci tare da ƙullin, waɗanda mai tambaya bai ambata ba, amma duk mai awo ya san su. Hatsin da ya zube a gindin sikeli aka share, da buhunan da aka juye, da gyaran da manomi yake ƙarawa a kan mudu, da kajin da akan kawo wa mai awo lokacin kaka. A zamanin kwangila waɗannan nasa ne. A zamanin albashi kuwa, abin da aka saya da kuɗin kamfani na kamfani ne har da sharar sa. Kyauta kuma sai a tuna da Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka, ya komo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa. Manzon Allah ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta iske shi. Buhari da Muslim duka sun kawo labarin. Abin da kujerar aiki ta jawo, ba na mai zama a kanta ba ne, sai da yardar wanda ya zaunar da shi.

Kada kuwa a ɗauka cewa nauyi duka a kan ma'aikaci yake. Kamfanin da ya ɗauki mutum albashi, ya ci gaba da amfani da ɗakinsa da wutarsa da mai gadinsa, ya yi shiru kamar bai gani ba, shi ma yana cin abin da ba nasa ba. Ya ɗauki lokacin mutum haya, bai ɗauki gidansa ba. Malamai sun ce abin da ba a ambata ba a ƙullin ijara, kamar zaren da tela zai yi ɗinki da shi, al'adar gari ce take yanke wanda zai kawo. Al'adar da aka sani kuwa ita ce, wanda ya ɗauki ma'aikaci shi yake ba shi wurin aiki da kayan aiki. Saboda haka mai tambaya yana da bakin magana, kuma magana ce mai ƙarfi. Masu kamfanoni da manyan 'yan kasuwar hatsi su ji tsoron Allah a nan. Suratul Muɗaffifina ta yi narko a kan masu cika mudu idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar, wannan hali kuwa ba a kan hatsi kaɗai ya tsaya ba. Sai dai hanyar karɓar hakki ita ce a faɗa da baki, a rubuta a takarda, ba a zura hannu a akwati da dare ba.

Tambaya ta biyu ita ce ta haraji. Dattawa suna tune da harajin kai da jangali, waɗanda gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin Funtua da Malumfashi suna cikinta, kafin a ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987. Harajin yau kuwa a kan samu yake. Doka ta bambanta mai zaman kansa da ɗan albashi, kusan yadda fikihu ya bambanta su. Mai zaman kansa a kan ribarsa ake yanka masa, bayan an fitar da abin da ya kashe kacokan domin sana'ar, ba domin gidansa ba. Ɗan albashi kuwa tun a ofis ake yanke nasa kowane wata a miƙa wa hukumar tara haraji ta jiha, abubuwan da ake sauke masa kuma ƙidayayyu ne, kamar kuɗin fansho da na inshorar lafiya. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025, wadda ta soma aiki ran 1 ga Janairu 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na samun shekara, ta kuma ba mai zaman haya rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa, muddin bai wuce naira 500,000 ba. Wannan rangwame na mai biyan haya ne, ba na mai zaune a gidan kansa ba. Ba a ƙasarmu kaɗai ake wannan bambanci ba. A Amurka tun daga 2018 an hana ɗan albashi cire kuɗin ofishin gida daga harajin tarayya, alhali mai zaman kansa yana cirewa.

Saboda haka shekarar mai tambaya ta rabu biyu. Daga Janairu zuwa Yuni ɗan kwangila ne, yana da ikon fitar da abin da ya kashe na gaskiya a kan ɗakin, rabon sana'a kaɗai ban da rabon gida. Daga Yuli zuwa Disamba kuwa ɗan albashi ne. Idan ya cika takarda ya nuna kamar shekarar duka a kwangila ya yi ta, domin ya cire wata goma sha biyu, ya rubuta ƙarya kuma ya sa hannu a ƙarƙashinta. Abin da ya kamata shi ne ya je ofishin haraji da takardar ɗaukarsa aiki, ya faɗi ranar da abin ya sauya, a lissafa masa. Waɗansu sukan ce ai kuɗin gwamnati ba su da mai su, kuma ana sace su. Ko da an sace, laifin ɓarawo yana kansa, ba ya wanke alƙalamin maƙaryaci. Wanda yake ganin haraji ya yi yawa ko ana ɓarnatar da shi, ya faɗa a fili, ya nemi gyara ta hanyar da doka ta buɗe. Musulmi ba shi da harshe biyu, ɗaya na masallaci ɗaya na cika fam.

Tambaya ta uku, watau zakka, ita ce mafi sauƙi, ko da yake nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin suna auna ta da ma'aunin haraji. Zakkar kuɗi ba a kan abin da ya shigo take ba, a kan abin da ya zauna take. Idan shekara ta kewayo wa dukiya, ta kuma kai nisabi, watau kimar miskali 20 na zinariya, wajen giram 85 ke nan, sai a fitar da ɗaya cikin 40. Abin da mutum ya riga ya kashe a kan mai da gadi ya tafi, ba ya cikin lissafi tun asali, saboda haka babu wani cirewa na biyu. Ba ya halatta kuma ya ƙaddara wa ɗakinsa kuɗin hayar da bai biya kowa ba, ya rage zakka da shi. Abin da ake saukewa daga zakkar kuɗi shi ne bashi na gaskiya, idan mutum ba shi da wata kadara da za ta tsaya a madadinsa. Sikeli da teburi da ɗakin kansa ba a yi musu kima, domin ba na sayarwa ba ne. Kuɗin kamfani da suke hannunsa kuwa zakkarsu ba a kansa take ba. Idan yana da gona, to ya sani a mazhabarmu bashi ba ya sauke zakkar hatsi, kuɗin taki da na ƙwadago ma ba a cire su. Da zarar amfani ya kai wasaƙi 5, watau sa'i 300, sai a fitar da ɗaya cikin 10 idan ruwan sama ne ya shayar, ɗaya cikin 20 idan ban ruwa aka yi da wahala. Shari'a ta riga ta duba ɗawainiya da ta raba waɗannan biyu.

Abin da ya rage shi ne naira 45,000 ɗin nan na wata uku. Shawararmu ga mai tambaya ita ce, ya rubuta abin da ɗakin yake ci dalla dalla, ya ware rabon gida da hannunsa tun kafin a tambaye shi, ya je wurin shugabansa ya ce, ga abin da na ɗauka bisa kuskuren fahimta, ga shi na mayar, ga kuma abin da nake nema a riƙa biyana daga yau. Idan sun yafe, ya halatta gare shi. Idan sun amince da biya nan gaba, a sa a takarda, gama aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Idan kuwa sun ƙi, yana da ikon ya ce su nemi ofis su kwashe sikelinsu, domin ɗakin nasa ne. Na sani wannan tafiya tana da nauyi, mai yiwuwa ne ma ta taɓa matsayinsa a wurin aiki. Amma gara ya faɗa da bakinsa yau, da mai binciken littafi ya gano baɗi, sunan da ya gina shekara takwas a kasuwar Dandume ya zube a kan abin da bai kai kuɗin buhun taki biyu ba. Balle kuma ranar da za a buɗe littafin da ba a goge kome a cikinsa.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya tsarkake mana abincinmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya.